Libarbar Kofur da Ƙwaryar Nono

Ko da duk abin da ke kaina zai zube, har in riƙa rikita sunayen jikokina, ranar da muka je filin harbi gwajin bindiga ba za ta fita daga zuciyata ba. Kada wanda ya tambaye ni shekara da lamba. Ni ban shiga boko ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Abin da na sani, sojojin da Bature ya kai yaƙin Bama, can ƙetaren teku, sun daɗe da dawowa, har kakinsu ya koɗe sun mai da shi kayan gona. Ba a daɗe da sauke tutar Bature aka ɗaga tamu ba, yara na ta ihun firidom a lunguna ba tare da sun san abin da suke faɗa ba. Ba a canza kuɗi ba tukuna, da fam da sule ake ciniki. Ni kuma na yaye 'yata ta biyu ke nan, rijiyar unguwarmu a Nyohini ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. To, a wannan ranin ne.

Maigidana tsohon soja ne. Duk Tamale Kofur ake ce masa, har limamin unguwa. Da ya ajiye kaki sai ya zama madugun shanu, shi ke jan garken wani Alhaji a ƙafa daga nan har Kumasi, da 'yan kore a bayansa. Abin da aka san shi da shi kuwa harbi ne. Abokan yaƙinsa in sun zo hira sukan ce Kofur bai taɓa ɗaga bindiga ya sauke ta a banza ba. Saboda wannan suna ne ɓarayin hanya ke barin garkensa ya wuce.

Ni kuwa koko da ƙosai nake yi a ƙofar gida, kuma ku tambayi duk wanda ya sha, ba a yi kokon da ya kama ƙafar nawa ba a wancan zamani. Mai koko yake ce mini. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka tun da aka kai ni ɗakinsa bai taɓa kama sunana ba, ko a raha ko a faɗa. Mutumin da ya san kunya ke nan.

Ni na fara ganewa idonsa na tafiya. Zai miƙa hannu ya ɗauki buta sai ya damƙi iska a gefenta. Zai sa takalmi sai ya laluba da ƙafa. Daga baya na ji ana cewa ƙudan bakin kogi ne ke yi wa masu yawan ƙetare ruwa haka, amma a lokacin wa ya sani? Da na matsa masa sai ya ce mini duniya ta zame masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan kanwa. Fuska ba ya rabe ta. Abin da ya rage masa sosai shi ne fari. Farin sa, farar riga, farin bango, waɗannan yana ganinsu kamar fitila.

Na ce masa, "Malam, ka je ka faɗa wa Alhaji da bakinka."

Ya ce, "In faɗa masa ya yi mini me? Ya ba ni tabarma in zauna a ƙofar masallaci ana jefa mini kwabo?"

Na faɗa na sake faɗa, a ɗaka, inda ya kamata mace ta faɗa wa mijinta gaskiya. Da ya ƙi, sai na tsaya masa, don ni ba irin matan da ke kai sirrin ɗaki bakin rijiya ba ce. Butarsa da takalminsa wuri ɗaya kullum. In baƙo ya yi sallama, ni ke riga shi amsawa, in ɗaga murya in gaishe shi da sana'arsa ko da unguwarsu, don Malam ya san ko wane ne. In kuma fita ta kama cikin gari, sai in ɗora babbar farar tasata a ka, in yi gaba kamar mai zuwa talla, shi kuma yana can baya da sandarsa yana taku irin na soja. Mutane na cewa dubi Kofur, ko kallon matarsa ba ya yi a hanya. Ba su san tasar nan yake bi ba.

Amma a daji babu ni. Cikin 'yan korensa akwai wani dogo mai haƙorin gwal, wanda Kofur ne ya koya masa hanya tun bai san inda ake shayar da shanu ba. Shi ne ya kai wa Alhaji labari cewa a tafiyar da ta wuce, madugu ya tsaya ya yi wa suri sallama. Yana son sandar madugu, kowa ya sani.

Alhaji mutum ne mai kawaici, ba zai dubi tsohon soja ya ce buɗe idonka in gani ba. Sai ya ɓullo ta wata hanya. Ya ce hanya ta lalace, Turawa na tafiya, ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba, don haka madugu ya riƙa ɗaukar ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga. Ya ce Kofur ya je ya zaɓo da kansa, shi kuma yana da aboki saja da zai buɗe musu filin harbi a gwada ta. Kowa ya gane ba bindigar za a gwada ba.

Akwai bindiga mai kyau a lokacin, wadda wani Bature mai haramar tafiya ke neman rabuwa da ita. Kofur bai ko taɓa ta ba. Sai ga shi ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsumma, ya kwance a gabana. Libarba ce, irin mai juyawar nan, amma bakinta guntu, bai fi babban yatsana ba. Marikinta ya tsage an ɗaure da waya. In ka girgiza ta sai ka ji tana ƙwaram-ƙwaram kamar gwangwani da tsakuwa. A bayan kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, ya samo ta, arha kamar an tsinta.

Na ce, "Malam, wannan ai abin wasan yara ne."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Mai koko, wannan ko mai ido huɗu aka ba, ba zai sami ƙofar gari da ita ba. Shi ya sa na zaɓe ta."

Nan na gane dabarar. In ya yi harbi ya kuskure, a ce bindiga ce. Wallahi a ranar na ce a raina, namiji na aura.

Mace ba ta zuwa filin harbi, amma abinci na zuwa ko'ina. Na aika wa Alhaji cewa ni zan yi wa maza waake, shinkafa da waken nan namu, ba za a yini a rana da yunwa ba. Na dafa shi da karan dafi ya yi jawur, na zuba a farar tasa, na ɗora a ka. Muka bi ta unguwar Changli muka fita bayan gari, ina gaba yana baya.

Filin shimfiɗaɗɗe ne, babu komai sai busasshiyar ciyawa da wata kaɗanya guda, can ƙarshensa kuma an tara ƙasa ta yi dogon tudu don ta tare harsashi. A bayan tudun akwai rugar Fulani. Yadda aka saba, ranar harbi akan kafa jar tuta a kan tudun, a busa begila, matan Fulani masu kawo nono gari su zagaya ta nesa. In babu tuta, sai su yanko ta gefen tudun, don ta nan ya fi kusa. Ran nan babu tuta babu begila, saboda alfarma saja ya yi wa Alhaji, manyansa ba su sani ba. Ga shi kuma rani ne, lokacin da Dagwamba, mutanen ƙasar, ke bukukuwan mamatansu, bindigogin toka na tashi ta kowace kusurwa tun safe. Ƙarar harbi ba ta hana kowa bin hanyarsa a irin wannan lokaci.

Saja, wani gajere mai ƙaton ciki da son raha, ya rataye farin faranti a jikin wani turke, daidai tsayin mutum, kusa da gefen tudun. Ya raba wa maza auduga su toshe kunne. Ya ce, "Irin waɗannan guntayen, bakinsu ya fi aikinsu. Kofur, bismilla. Nuna mana abin da aka yi a Bama."

Malam ya miƙe. Ku da ba ku gan shi ba, ba za ku gane ba. Ya gyara tsayuwa, ya juya kafaɗa, ya miƙa hannu, sai na ga saurayin da ya zo neman aurena. Hannun nan ko motsi. Ya danna. Ƙarar ta doke ni har cikin haƙori, wuta ta fito ta baki da ta gefe, ƙasa ta tashi can nesa da farantin. Ya sake, ta tashi ta ɗaya gefen. Ya yi ta yi har harsashin ciki ya ƙare, faranti na nan yana kallonmu.

Ya juyo yana murmushi ya ce, "Alhaji, Kwaran nan ya cuce mu. Na aike ta gabas ta tafi gaishe da danginta a yamma."

Mai haƙorin gwal ya ce, "Ko dai mai aiken ne bai ga gabas ba?"

Saja ya ce, "Kawo nan." Ya ɗura, ya rufe ido ɗaya, ya harba, ya harba. Ko turken bai taɓa ba. Ya tofar da yawu ya ce, "Wannan ba bindiga ba ce, abin korar birai ne a gonar masara. Kai mai baki, zo ka gwada."

Mai haƙorin gwal ya karɓa yana yauƙi. Harbin farko ta yi tsalle ta kusa dukan goshinsa, wutar gefe ta lashe masa yatsa, ya yar da ita yana yarfe hannu yana kiran uwarsa. Saja ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Alhaji ma ya dara, na kuma ga kamar an sauke masa kaya, don yana son Kofur. Ya ce, "To, magana ta ƙare, laifin bindiga ne. Kofur, ka shirya, bayan Juma'a shanu za su tashi."

Da a nan muka tashi, da ban da labarin da zan ba ku.

Muka koma gindin kaɗanya, na zuba musu waake, suka ci suka yi santi. Saja ya ce in mijina ya sake ni, shi yana layi. Na ce ya fara rage cikin tukuna. Aka daɗe ana hira. Da suka gama na kife tasar a bayan itacen, na rufe ta da zane saboda ƙuda. Ana haramar tafiya sai mai haƙorin gwal, wanda yatsa da kunya ke ci, ya ɗaga wani abu a tafin hannunsa.

Ya ce, "Saura harsashi ɗaya. Baba Kofur, a ce mutumin Bama ya zo fili ya koma bai taɓa komai ba? Mu dai a gari za mu ce bindiga ce. Abin da mutane za su ce kuma, oho."

Na ce, "Malam, la'asar ta kawo jiki, ga yara na bari."

Ya ce, "Mai koko, shiga tsakanin tukunya da wuta, ban da tsakanin maza."

Ya mai da auduga kunnensa, ya danna ta sosai. Ya karɓi harsashin, ya ɗura da lalube, ya taka zuwa inda ya tsaya ɗazu. Na bi shi na tsaya a gefensa, kusa har ina jin warin hayaƙin da ke rigarsa. Ya ɗaga hannu, ya daɗe yana auna.

Sai ga ta. Ta ɓullo ta gefen tudun, yarinyar mace siririya, da ƙatuwar ƙwaryar nono a ka, irin wadda suke gogewa da alli ta yi fari fat. Rana ta faɗa a kan ƙwaryar nan tana walƙiya, ta fi farantin girma, ta fi shi haske, kuma tsayinsu ɗaya. Dukanmu mun gan ta. Saja ya kurma ihu, Alhaji ya yi salati, ni kuwa na ga bakin bindigar ya bar faranti yana bin ƙwaryar a hankali. Na kai hannu, ban isa ba.

Ƙwaryar ta tarwatse. Nono ya tashi sama ya zubo, yarinyar ta zube.

Kofur ya juyo fuskarsa cike da haske, ya zare auduga, ya ce, "Kun ji ƙararsa? Na samu! Ko da wannan gwangwanin na samu!"

Saja ne ya iya buɗe baki. Ya ce, "Kofur, mace ce. Mace ka harba, da farin abu a ka."

Bindigar ta faɗi daga hannunsa. Sai ya kira sunana. Sunana na yanka, sunan mahaifiyarsa, wanda bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ya kira shi da ƙarfi, a gaban maza, ya sake kira, yana juyawa ko'ina da hannuwa a miƙe yana neman farar tasa. Ina tsaye a gabansa. Idonsa ya bi ta kan fuskata ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Zanen da ke jikina baƙi ne.

Na ce, "Ga ni, Malam. Ba ni ba ce."

Ya damƙi hannuna, ya shafa fuskata kamar makahon da ya shekara yana bara. Babu sauran abin da za a gwada. Alhaji ya gani, saja ya gani, mai haƙorin gwal ma ya sunkuyar da kai.

Na zare hannuna na ruga wurin yarinyar. Na tarar da ita kwance, nono da jini sun haɗu suna bin fuskarta. Allah Ya sa da sauran kwana. Harsashin ta saman ƙwaryar ya bi, ɓallin ƙwarya ne ya tsaga mata goshi. Na cire ɗankwalina na ɗaure mata, ni da ban taɓa tsayawa gaban maza kai a buɗe ba. Da ta farfaɗo ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Sai ta shiga tsintar ɓallayen tana tarawa a zaninta, tana cewa da 'yar Hausarta, "Ta inna ce. Da ita aka kawo ni."

Saja ya ɗauki libarbar ya ɗora a kan dutse ya yi ta dukanta da wani dutsen har ta lanƙwashe, yana zagin kansa. Alhaji ya zo ya tsaya a kan Malam. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kofur, da ka faɗa mini. Da na sa ka a kan awo da ciniki a nan gida, da girmanka."

Da za mu koma na ɗauko tasar zan ɗora a ka yadda muka saba. Ya ji ƙararta. Ya ce, "Sauke ta. Kada in ƙara ganin farin abu a kanki." Ya miƙo mini bakin sandarsa. Haka muka ratsa Changli ido na ganin ido, ina riƙe da sanda ina jan Kofur, masu kanti na miƙewa suna kallo, mata na leƙe ta katanga. Ban sunkuyar da kai ba. Duk wadda ta kalle ni na kalle ta har ta kau da ido. Amma hanyar nan ta fi mini tafiya Kumasi tsawo.

Manya suka shiga tsakani, aka je ruga aka ba da haƙuri, magana ba ta kai gaban hukuma ba. Ni da kaina na nemo ƙwarya mafi kyau a kasuwa na kai mata. Ta karɓa ta juya ta, ta gode, ta ce, "Yaya, wannan sabuwa ce. Waccan ta san hannun inna." Tun daga ranar ba ta ƙara ɗora tallan nono a ka ba. In ta ji an buga bindiga, ko ta biki ce, sai ta durƙushe inda take.

Bayan Juma'a shanu suka tashi, mai haƙorin gwal a gaba. Alhaji ya aiko a kan maganar awo, Malam ya ce a gaishe shi. Ya shiga zaure bai ƙara fita ba sai masallaci. Kafin damina ta zagayo, farin ma ya ɗauke masa. Kokona ne ya riƙe gidan, ban roƙi kowa ba, ban bar shi ya roƙa ba. Wani lokaci ina suya sai in ji ya ce daga zaure, "Mai koko, kina nan?" In ce ina nan. Bai ga sabon kuɗi ba, kafin a canza Allah Ya karɓi abinsa. Sunana kuwa, daga wannan kira na filin harbi bai ƙara ba.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, in ƙarfinka ya fara tafiya, ka sauke kayan da hannunka tun kana da girman saukewa. In ka ɓoye, ranar da zai faɗi ba a kanka kaɗai zai faɗi ba, har da wanda ya fito neman abincinsa bai san ka ba. Shi ya sa ranar da na ga hannuna ya fara rawa a kan kaskon mai, ga jikoki na rarrafe a gindin murhu, ban jira kowa ya faɗa mini ba. Na kira 'yata na miƙa mata matsami, na ja kujera na koma gefe. Ta ce, "Inna, ai da sauranki." Na ce na sani, shi ya sa.

Filin harbin yanzu gidaje ne, an baje tudun an yi bulo da shi. Alhaji ya tafi, saja ya tafi, mai haƙorin gwal ma na je gaisuwarsa. Cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran nan saura mu biyu, ni da mai ƙwaryar. Tana unguwar Dabokpa wurin ɗanta, gari ya cinye rugarsu tuntuni. Da Sallah akan kai ni in gaishe ta. Nawa idon ma ya fara hazo, don haka in na zauna kusa da ita sai in kai hannu goshinta. Tabon na nan.